Kuskuren bugun kwandala

Kuskuren bugun kwandala shi ne aibin da ke samun kuɗin ƙarfe a lokacin da ake ƙera shi, tun bai bar hannun injin bugu ba. Ana bambanta shi da lahanin bayan bugu, wato duk abin da ya samu kwandala bayan hatimi ya gama aikinsa a kanta, kamar ƙarzuwa, lanƙwasa, tsatsa, huji, ko wani sauyi da mutum ya yi da gangan. Masu tara kwandaloli suna sayen mai kuskure na gaskiya da tsada, har akwai senti ɗaya na Amurka da aka sayar a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Mai lahani kuwa darajarta faɗuwa take yi, sau da yawa ba ta wuce adadin da aka rubuta a jikinta ba. Wannan tazara ce ta sa rarrabe kuskure da lahani ya zama wani reshe na ilimin nazarin kuɗaɗe, musamman a Amurka da Birtaniya, inda wannan kasuwa ta fi ƙarfi.

Ƙa'idar da masana ke bi guda ce. Hanyoyin da kwandala za ta iya lalacewa a hannun jama'a ba su da iyaka, amma matakan ƙera ta sanannu ne kuma ƙididdigaggu. Don haka ba a karɓar wani aibi a matsayin kuskure sai an iya nuna matakin da ya haifar da shi, kuma alamomin da wannan mataki ke bari sun bayyana a jikin kwandalar. Akasarin kwandalolin da ake tsinta da baƙuwar kama lahani ne ya same su.

## Yadda ake buga kwandala

Aikin yana farawa da dogon fallen ƙarfe da aka murje zuwa kaurin da ake so. Inji yana huda fallen yana fitar da zagayayyun faya-fayai marasa zane. Ana gasa faya-fayan domin su yi laushi, a wanke su, a busar, sannan a bi da su ta wani inji da ke matse gefensu ya tayar da ɗan leɓe a kewayen fuskokin biyu.

Daga nan faifai ke shiga injin bugu, ya zauna a cikin wani zoben ƙarfe tsakanin hatimai biyu, ɗaya mai zanen fuska, ɗaya mai zanen baya. Hatimai suna haɗuwa da ƙarfin da ya kai tan 35 zuwa 100 a kwandalolin yau da kullum na Amurka. Wannan matsi yana sa ƙarfen ya kwarara ya cika ramukan zanen, ya kuma bazu har ya daki zoben. Zoben ne ke tsayar da faɗin kwandala, shi ne kuma ke yi mata haƙoran gefe idan irin mai haƙora ce. Injin zamani yana iya buga kwandala 750 a minti ɗaya, shi ya sa ko da an sa ido sosai sai wasu masu aibi sun kuɓuce.

Shi kansa hatimin ana samar da shi ne daga uwar hatimi, wadda zanenta ya taso kamar na kwandala. Ana danna ta a kan sandar ƙarfe mai laushi, sai zanen ya fito a nutse kuma a juye. Wannan juyi yana da muhimmanci wajen tantancewa: abin da ya nutse a hatimi tasowa yake yi a kwandala, abin da ya taso a hatimi kuma nutsewa yake yi.

## Tarihi

Kuskuren bugu ya daɗe kamar yadda kuɗin ƙarfe ya daɗe. A zamanin da ake bugu da guduma, ba wuya a samu zane ya karkace ko ya ninku, kuma ba a ɗauki hakan bakin komai ba. An samu dinarai da dama na Jamhuriyar Rum waɗanda bayansu ke ɗauke da hoton fuskarsu a nutse, saboda wata kwandala ta manne a hatimi aka buga sabon faifai da ita. Zuwan injin matsi a Turai a ƙarni na 16, da injin tururi da Matthew Boulton ya kafa a Soho kusa da Birmingham a ƙarshen ƙarni na 18, ya sa kwandaloli suka zama iri ɗaya a girma da kama. Tun daga lokacin ne wadda ta saɓa wa 'yan'uwanta ta fara ɗaukar ido.

Tara masu kuskure ya bunƙasa a Amurka bayan bayyanar sentin 1955 mai ninkin rubutu. Marubuci Alan Herbert ya yaɗa tsarin kasa kura-kurai gida uku, na faifai, na hatimi da na bugu, wanda har yanzu ake amfani da shi. A 1983 aka kafa ƙungiyar CONECA ta masu tara irin waɗannan kwandaloli.

## Kura-kuran faifai

Waɗannan su ne aibobin da ke jikin faifai tun kafin a buga shi.

Gutsuren gefe. Idan fallen ƙarfe bai matsa gaba yadda ya kamata ba, inji zai huda wurin da ya haɗa da ramin da aka riga aka huda, sai faifai ya fito da gutsure mai siffar jinjirin wata. Gutsure na gaskiya yana da alamomi: leɓen kwandala yana dusashewa a hankali yayin da ya doshi gutsuren, zanen da ke kusa yana janyewa zuwa wajensa, kuma sau da yawa leɓen da ke daura da shi a ɗaya ɓangaren yana yin rauni. Wannan alama ta ƙarshe ana kiranta da sunan Blakesley, kuma tana faruwa ne domin injin tayar da leɓe bai samu abin da zai tokare ba a wurin gutsuren.

Faifan da ba nasa ba. Wani lokaci faifan wata kwandala yana maƙalewa a cikin kwandon aiki, ya faɗa injin da ke buga wata daban. Sentin da aka buga a kan faifan senti 10 yana fitowa fari, da nauyin gram 2.27, kuma zanen yana kaiwa har bakin gefe. A nan akwai iyaka: ƙaramin faifai na iya shiga babban zobe, amma babba ba zai shiga ƙarami ba. Duk kwandalar da aka ce an buga ta a kan faifan da ya fi zobenta faɗi, abin tuhuma ce.

Ɓawo da rashin ɓawo. Datti ko iska da suka maƙale a cikin ƙarfe suna sa fuskar kwandala ta ɓare kamar ɓawon albasa. Tun daga 1965 Amurka ke yin senti 10 da senti 25 da ƙarfe mai hawa uku, jan ƙarfe a tsakiya da garwayen nikel a sama da ƙasa. Idan hawa ɗaya ya ɓalle kafin bugu, kwandalar za ta fito ja a fuska ɗaya, ta yi siriri, kuma senti 25 zai rasa kusan gram ɗaya daga nauyinsa na gram 5.67.

## Kura-kuran hatimi

Aibin da ke jikin hatimi yana maimaita kansa a kan kowace kwandala da hatimin ya buga. Saboda haka irin wannan kuskure ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ana tabbatar da shi ta hanyar kwatanta shi da sanannun 'yan'uwansa.

Ninkin hatimi. A da ana danna uwar hatimi fiye da sau ɗaya kafin zane ya zauna. Idan ta goce tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, zane biyu za su zauna a hatimin. A kwandala, hoton na biyu yana fitowa a zagaye, ya taso daidai da na farko, haruffa su ƙara kauri, kuma ƙarshen su ya rabu biyu. Amurka ta koma dannawa sau ɗaya a ƙarshen shekarun 1990, abin da ya rage manyan ninkoki.

Tsagewa da ɓallewa. Hatimin da ya tsage yana barin siririn layi a tashe a kan kwandala. Idan wani yanki na bakinsa ya ɓalle, ƙarfe yana cika gurbin ya yi tudu marar zane a jikin leɓe, kuma zanen da ke bayan wannan tudu a ɗaya fuskar yana yin rauni, domin ƙarfen ya tafi cike gurbi.

Karon hatimai. Idan hatimai suka haɗu babu faifai a tsakani, kowanne yana barin inuwar zanensa a jikin ɗayan. Ma'aikata kan goge wannan inuwa, kuma gogewar da ta yi yawa tana iya cinye wani sashe na zanen.

Alfadari. Wannan suna ne da masu tarawa ke ba kwandalar da aka buga da hatimai biyu da ba a nufi su haɗu ba, kamar yadda alfadari ke fitowa daga doki da jaki.

Juyawar hatimi. Kwandalolin Amurka ana juya su daga sama zuwa ƙasa kafin bayansu ya tsaya daidai, na Birtaniya na yanzu da na yuro kuwa daga gefe zuwa gefe. Wanda bai san tsarin ƙasar ba yana iya ɗaukar abin da aka saba a matsayin kuskure. Juyawa ta gaskiya ita ce wadda ta saɓa wa tsarin wannan kwandala.

## Kura-kuran bugu

Bugun gefe. Faifai bai zauna daidai ba, sai hatimi ya kama sashe ɗaya kawai. Sauran wurin yana zama santsi babu zane, a fuskokin biyu kuma a waje ɗaya, kuma nauyi bai ragu ba.

Bugu ba zobe. Idan zobe bai taso ba, ƙarfe yana bazuwa fiye da kima. Kwandalar tana fi sauran faɗi, ba ta da haƙoran gefe, amma zanenta a cike yake kuma da kaifinsa.

Bugu biyu. Kwandala ta kasa fita daga inji, hatimi ya sake dukanta. Zane na biyu yana tasowa kamar na farko, yana kuma danne abin da ke ƙarƙashinsa.

Bugun madubi. Kwandala ta manne a hatimi ta zama ita ce hatimin faifai na gaba. Sakamakon shi ne fuska ɗaya lafiyayya, ɗayar kuma tana ɗauke da hoto a nutse kuma a juye.

Bugu ta cikin wani abu. Maiko, zare, ƙyalle ko guntun waya na iya shiga tsakanin hatimi da faifai. Maiko yana toshe haruffa su ɓace, zare da waya kuma suna barin siffarsu a nutse.

## Lahanin da ake ɗauka kuskure ne

Kwandalar injin busar da kaya. Wadda ta maƙale a cikin gangar injin wanki ko na busarwa tana shan duka a gefe har leɓenta ya kumbura ya naɗo ciki. Faɗinta yana raguwa, zanenta ya dakushe. Haka take kasancewa idan aka yi ta buga gefenta da cokali domin a yi zobe da ita. Injin bugu ba ya iya fitar da cikakkiyar kwandala da ta fi zobenta ƙanƙanta da irin wannan leɓe.

Matsi da mamatsa. Ana haɗa kwandaloli biyu a matse su da mamatsa ko a doke su da guduma, sai ɗaya ta bar hotonta a nutse a jikin ɗayar. Yana kama da bugun madubi, sai dai hoton yana hawa ne a kan zanen da ya riga ya kasance, ɗaya fuskar ta baje, kuma kwandalar ta rasa zagayenta.

Cin asid. Kwandalar da aka jiƙa a asid tana yin siriri, ta ƙanƙance, ta rage nauyi, har a zaci faifan wata ce. Bambancin shi ne asid yana cin ko'ina daidai, don haka duk zanen yana nan amma a dishe, haruffa sun sirance, fuska ta yi ƙurji-ƙurji.

Shafen ƙarfe. Ana shafa wa kwandala ruwan zinariya, tutiya ko jan ƙarfe domin ado ko gwajin makaranta. Launi yana sauyawa, amma nauyi da faɗi kusan suna nan yadda suke.

Zaman ƙasa da wuta. Ƙasa da ruwa suna mayar da farar kwandala ja ko baƙa, har a ɗauka hawa ɗaya ne ya ɓalle. Nauyinta na nuna ba haka ba ne. Zafin wuta kuma yana tayar da ƙuraje a jikin ƙarfe mai hawa-hawa. Sentin Amurka, wanda tun 1982 tutiya ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe, yana ruɓewa daga ciki da zarar lulluɓin ya huje.

Mai fuska biyu. Kwandala mai kai a ɓangarorin biyu kusan kullum kayan 'yan dabo ce. Ana rarake ɗaya a cusa rabin wata a ciki. Ana ganin layin haɗin a cikin leɓe ko a gefe, kuma ƙararta idan ta faɗi ba ta da zaƙi.

Yanka da ƙarzuwa. Almakashin ƙarfe da zarto suna kwaikwayon gutsuren gefe, amma leɓe yana yankewa kwatsam ba tare da dusashewa ba. Injin ƙirga kuɗi da na naɗe su a takarda suna barin zagayayyen ƙarzo kusa da leɓe.

## Hanyoyin tantancewa

Mataki na farko shi ne awo. Ana bukatar sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na gram, da ma'aunin faɗi da kauri, sannan a kwatanta da ma'aunin hukuma. Sentin Amurka na kafin 1982 gram 3.11 ne, na bayan sauyin gram 2.5. Senti 5 gram 5 ne, senti 25 na azurfa gram 6.25. Bugun gefe, bugu ba zobe da bugu biyu ba sa rage nauyi, don haka idan nauyi ya ragu a irin waɗannan, an cire ƙarfe ne daga baya.

Na biyu shi ne maganaɗisu, wanda ke bayyana baƙin ƙarfe ko da an ɓoye shi a ƙarƙashin shafe.

Na uku shi ne duba yadda ƙarfe ya motsa, da gilashin ƙara girma na ninki biyar zuwa goma da haske daga gefe. Ƙarfen da aka tura bayan bugu dole ya tafi wani wuri. Ƙarzo yana nutsewa ya bar tudu a bakinsa, duka yana lotsa fuska ɗaya ya kumbura ko ya baje ɗayar. A cikin inji kuwa hatimai da zobe sun rufe kwandala ta ko'ina, don haka ramin da zare ko waya ta bari ba shi da tudun baki, kuma bayansa lafiya lau yake. Haka nan sheƙin sabuwar kwandala, wanda kwararar ƙarfe ke haifarwa, yana ratsa wurin kuskure, amma yana yankewa a wurin lahani. Ɗanyen ƙarfe mai walƙiya a jikin tsohuwar kwandala alama ce ta sabon rauni.

Na huɗu shi ne duba gefe, inda ake ganin sawun zarto, layin haɗi, ko haƙoran da bai kamata su kasance ba. Kwandalar da ta baje alhali haƙoran gefenta suna nan, a cikin zobe aka buga ta, daga baya aka baje ta.

Na biyar shi ne kwatantawa. Tun da kuskuren hatimi yana maimaituwa, masana sun tattara ƙananan alamomin kowane sanannen hatimi, kamar ɗan tsagi ko sawun gogewa a wani lungu. Wadda ba ta da waɗannan alamomi ba daga hatimin ta fito ba, komai kamarta da shi.

## Sanannun kura-kurai da jabunsu

Sentin 1943 na tagulla. A 1943 Amurka ta buga sentinta da baƙin ƙarfe mai lulluɓin tutiya domin a keɓe jan ƙarfe ga Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan faya-fayan tagulla da suka rage daga 1942 sun shiga inji. Guda ɗaya da aka buga a Denver an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Jabunsa iri biyu ne suka fi yawa: na baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda maganaɗisu ke kamawa kuma nauyinsa gram 2.7 ne, da sentin 1948 da aka sassaƙe lambar 8 ta koma 3.

Sentin 1955 mai ninki. An buga shi a Filadelfiya, kuma an ƙiyasta cewa 20,000 zuwa 24,000 ne suka shiga hannun jama'a. Ninkin shekarar da na kalmar LIBERTY ana ganinsa da ido ba gilashi. Akwai wasu sentocin na wannan shekara da lambar ƙarshe ta yi inuwa saboda tsufan hatimi, waɗanda darajarsu kaɗan ce.

Sentin 1969 na San Francisco. Lokacin da wannan ninki ya bayyana, hukumar Secret Service ta ƙwace wasu a bisa zaton jabu ne, kafin a tabbatar da cewa daga gidan buga kuɗi suka fito.

Ɓauna mai ƙafa uku. Senti 5 na 1937 daga Denver ya rasa ƙafar gaba ta dabbar da ke bayansa saboda gogewar hatimi. A na gaskiya kofaton yana nan, kuma ƙafar baya ta yi kamar asu ya ci ta. Masu jabu suna kankare ƙafar daga lafiyayyar kwandala, amma ba sa iya samar da sauran alamomin.

Alfadarin 2000. An haɗa fuskar senti 25 mai hoton George Washington da bayan dalar Sacagawea, aka buga a kan faifan dala. Kaɗan ne aka gano.

Dalar 2007 marar rubutun gefe. Dalolin shugabannin Amurka suna ɗauke da shekara da take a gefensu, kuma wani inji daban ke yin wannan rubutu bayan bugu. Da yawa daga cikin na George Washington sun tsallake wannan mataki. Da farashinsu ya tashi, sai aka fara goge gefen lafiyayyu, abin da ke rage faɗi da nauyi daga gram 8.1 na asali.

Kwabo 20 na Birtaniya marar shekara. A 2008 aka sauya zanen kwandalolin ƙasar, shekara ta tashi daga baya ta koma fuska. An haɗa tsohon hatimin fuska da sabon hatimin baya, sai kwandalar ta fito babu shekara ko'ina. Gidan Royal Mint ya ƙiyasta cewa ba su kai 250,000 ba. Mutane da yawa suna duba fuskar tsohon kwabo 20 su ga ba shekara su ɗauka sun dace, alhali tana baya. Na gaskiya sai bayansa ya nuna yankin garkuwar sarauta na sabon zane.

## Abubuwan da ke tsakiya

Ba kowane aibin da ya faru a gidan buga kuɗi ne ke da daraja ba. Idan hatimi ya yi sako-sako ya girgiza bayan duka, yana share gefen haruffa ya bar wani ninki mai faɗi kamar matakala, wanda ke rage kaurin harafi maimakon ƙara shi. Wannan ninkin inji ya yi yawa ƙwarai, kuma shi ne aka fi rikitawa da ninkin hatimi. Haka ma inuwar da tsohon hatimi ke yi wa haruffa.

Ƙarzuwar da kwandaloli ke yi wa juna a cikin buhu lahani ce, ko da a harabar gidan buga kuɗi ta faru, domin bugu ya riga ya ƙare. Akwai kuma kwandalolin da ake zargin ma'aikata ne suka ƙirƙira da gangan suka fitar a ɓoye. Ana taƙaddama a kan ko ƙarin ganyen masara da ke jikin wasu senti 25 na jihar Wisconsin na 2004 daga Denver hatsari ne ko aikin hannu, amma tun da a jikin hatimi yake, ana karɓarsa.

## Kuɗin Afirka ta Yamma

Wasu tsofaffin kuɗin yankin suna nuna wani rukuni na uku, wato abin da ba kuskure ba ne ba kuma lahani ba, tsarin kwandalar ne. Kwabo da anini na mulkin Birtaniya, waɗanda aka fara bugawa a 1907, da huji a tsakiya aka yi su, haka ma kwabon Tarayyar Najeriya na 1959. Hujin gidan bugu yana da tsafta, kuma zanen yana kewaye da shi. Kuskure a nan shi ne hujin ya goce ko a rasa shi gaba ɗaya. Hujin da aka yi kusa da baki domin a rataya kwandala a sarƙa yana ratsa zane ya bar ƙaya a bakinsa, kuma lahani ne. Haruffan H da KN da ke jikin wasu alamun kamfanonin Heaton da King's Norton ne na Birmingham.

Dalar azurfa ta Mariya Tariza, wadda ta yi yawo a kasuwannin Borno da ƙasar Hausa, tana ɗauke da shekarar 1780 ko da an buga ta shekaru da yawa bayan haka. Al'adar bugunta ce, ba kuskure ba.

Naira 1 da naira 2 da aka fitar a 2007, da sefa 200 da 500 na Afirka ta Yamma, ƙarfe biyu ne, ƙwaya a cikin zobe, kamar fam 2 na Birtaniya da dala 2 ta Kanada. Ana iya fitar da ƙwayar da duka a mayar da ita a karkace. Idan ƙwaya ta goce tun kafin bugu, ƙarfenta yana malala a kan zoben, zane kuma ya bi ta kansa ba yankewa.

## Tabbatarwa da kasuwa

Kwandala mai tsada akan kai ta ga kamfanonin tantancewa, waɗanda ke duba ta su rufe ta a cikin roba da bayaninta. Ƙungiyar masu nazarin kuɗi ta Amurka ta kafa ANACS a 1972, PCGS ya biyo baya a 1986, sai NGC a 1987. Suna ba da maki daga 1 zuwa 70, amma wadda aka goge, aka huda ko aka gyara ba ta samun cikakken maki, sai a rubuta lahaninta a jikin robar.

Darajar kuskure tana bin ƙarancinsa, girman bayyanarsa, lafiyar kwandalar, da kuma ko shekararta ta fito. Farashin da mai sayarwa ya nema a kasuwannin intanet ba shaida ba ce, domin ana yawan tallata masu lahani da sunan kuskure. Abin dogaro shi ne farashin da aka saya irinta bayan tantancewa. Masana suna hana wanke ko goge kwandalar da ake zaton tana da kuskure, domin gogewa kanta lahani ce, kuma tana share sheƙi da ƙananan alamomin da za a dogara da su wajen tabbatar da ita.